Farfaɗiya a makaranta

Karatu

Wata shekara, cikin hunturu, ina koyar da ƴan aji huɗu a wata makaranta ta ƙasar Damagaram. Ajinmu na zana ne. Yara suna zaune bisa tabarmi, kowa da allonsa da allinsa. Ina rubuta lissafi a babban allo, sai na ji wata ƙara a bayana. Da na juya sai na ga wani yaro a ƙasa. Jikinsa ya sandare kamar itace. Can sai ya fara fizge-fizge, idanunsa sun juye, kumfa tana fita daga bakinsa.

Kafin in ce uffan, aji ya watse. Wasu ta ƙofa, wasu suka keta zana. Wata yarinya tana gudu tana ihu, wai kada yawunsa ya taɓa kowa.

Ni ma, in faɗa muku gaskiya, ban san abin yi ba ran nan. Na danne hannuwansa da ƙarfi. Na sa aka kawo buta, na kwara masa ruwa, ga sanyi. Duka biyu kuskure ne. Bayan kamar minti biyu abin ya lafa don kansa. Yaron ya yi barci kaɗan, ya farka. Ya ga rigarsa a jiƙe, ya ga ya yi fitsari a wando, ya ga abokansa sun yi cirko-cirko daga nesa suna kallonsa. Ya ɗauki allonsa ya tafi gida, bai ce da kowa kome ba.

Washegari bai zo ba. Iyayen waɗansu yara suka zo suka ce ko shi ko ƴaƴansu. Babansa ya ji kunya, ya ajiye shi gida yana kiwon awaki. Yaron nan kuwa duk ajin ba wanda ya kama ƙafarsa a lissafi.

Saboda shi na rubuta wannan darasi. Ku karanta da kyau, domin ko ba daɗe ko ba jima za ku ga irin wannan, a makaranta, ko a kasuwa, ko a cikin gidanku.

Mene ne farfaɗiya?

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ƙwayoyi masu yawan gaske. Su ne ke aika saƙo zuwa hannu da ƙafa da ido da harshe. Da wata ƴar wutar lantarki suke aika saƙon, wadda ba ta kai ta kunna ko fitilar hannu ba. Kullum suna aikinsu bi da bi, cikin tsari.

Ku duba ajinku. In yaro ɗaya yana magana, saura suna saurare, kowa zai fahimta. To, in duk ku sittin kuka ɗauki magana gaba ɗaya fa? Ba mai jin wani. Haka yake faruwa a ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya. Ƙwayoyi da yawa su aika saƙo lokaci guda, jiki ya ruɗe, mutum ya faɗi. In sun natsu, mutum ya dawo yadda yake.

Ba kowace farfaɗiya ce take kada mutum ba. Akwai wadda yaro zai tsaya cik, alli a hannu, ido a buɗe, ba ya ji ba ya gani. Kafin ka ƙirga goma ya dawo, bai ma san an yi ba. Wannan takan zo sau da yawa a yini ɗaya. Yara nawa ne suka sha bulala a kanta, wai ba sa kula da karatu! Akwai kuma wadda hannu ɗaya kaɗai zai yi ta rawa. Akwai wadda mutum zai yi ta tauna ba kome a bakinsa, yana jan rigarsa, ko ya tashi yana tafiya ba ya cikin hayyacinsa.

Faɗuwa ɗaya ba ita ce farfaɗiya ba. Ƙananan yara, daga wata 6 zuwa shekara 5, sukan yi fizge-fizge in jikinsu ya yi zafi ƙwarai. Yawancinsu abin yakan wuce in sun girma. Amma dole a kai su likita nan da nan, don mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne, ko sanƙarau. Likitoci suna kiran ciwo farfaɗiya in faɗuwar tana maimaituwa ba tare da zazzaɓi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce mutum kamar miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya. Kusan 80 cikin 100 nasu suna zaune a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Akwai ta ga Bature, akwai ta ga Balarabe, akwai ta ga ɗan sarki da ɗan talaka.

Me ke kawo ta?

Duk abin da ya ji wa ƙwaƙwalwa rauni yana iya barin farfaɗiya a baya. Doguwar naƙuda, wadda jariri ya sha wuya kafin ya fito. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai. Buguwa a kai, kamar faɗowa daga itace, ko daga kan kabu-kabu ba hular kwano. Sai kuma sanƙarau, wanda mu mutanen Nijar muka sani ƙwarai.

Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Da iskar hunturu da zafin bazara yake zuwa. Tsofaffi suna tuna babbar annobar 1995. A 2010 aka fara wata sabuwar allurar rigakafi a Nijar da Mali da Burkina Faso, ta kuwa karya lagon irin sanƙarau ɗin da ya fi kisa a da. Amma akwai waɗansu ire-irensa. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 ya sake ɓulla a nan jihar Damagaram. Yaron da ya tashi daga sanƙarau wani lokaci yakan tashi da kurumta, wani lokaci da farfaɗiya. Saboda haka in masu allura sun zo, kada ku ɓuya bayan rumbu. Wanda ya yi rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, ya rufe ƙofofi biyu da farfaɗiya take shigowa ta cikinsu.

Kamar rabin masu ciwon kuwa, ko likita ba ya gano dalilinsa. Wannan ba ya hana a yi magani.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe fiye da kome: ba a ɗaukar farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta numfashi, ko ta fitsari. Ku ci tuwo ƙwarya ɗaya da mai ita, ku sha fura da ludayi ɗaya, ku kwana tabarma ɗaya, ba abin da zai same ku. Uwarsa da take share masa baki shekara da shekaru, ta ɗauka? Ku tambayi kanku.

A garuruwanmu akan ce iska ce, ko jifa aka yi wa mutum. Ba mu kaɗai ba ne: mutanen Turai ma sun daɗe suna faɗin irin haka. A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya auna wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam da na'ura, karo na farko. Da irin wannan na'ura likitocin yau suke ganin alamar farfaɗiya a rubuce, layi-layi, kamar yadda kuke ganin rubutu a kayyenku. Iyaye su yi addu'a, ba wanda ya hana. Amma a haɗa da zuwa likita.

In abokinka ya faɗi

Kada ka gudu. Wannan shi ne na farko, shi ne kuma mafi wuya.

Ɗaya daga cikinku ya ruga ya kira malam. Wani ya dubi agogo, ko ya fara ƙirge a hankali, don a san tsawon lokacin. Ku janye banci da tebur da duwatsu daga kusa da shi. In kusa da wuta ko ruwa ko titi ya faɗi, a jawo shi gefe. In ba haka ba, a bar shi inda yake. Ka ninke riga ko zane ka sa masa ƙarƙashin kai, don kada ya yi ta buga shi a ƙasa. In wuyan rigarsa ya matse, a kwance maɓalli.

Kada ku danne shi. Ƙarfinku ba zai tsai da abin ba, sai dai ya goce masa kafaɗa.

Kada ku sa masa kome a baki. Ba cokali, ba kara, ba tsumma, ba yatsa. Akan ce wai zai haɗiye harshensa. Mutum ba ya iya haɗiye harshensa, ku gwada ku gani. Cokali kuwa yana karya haƙori, haƙorin ya faɗa maƙogwaro. Wanda ya sa yatsa shi ma zai ji a jikinsa. Kada ku ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin zai sarƙe. Kada a turara masa hayaƙi, kada a matsa masa albasa a ido, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta wai don ya farfaɗo. A lokacin ba ya jin zafi. Sai ya farka ya tarar da ƙuna.

Da zarar fizge-fizgen ya lafa, ku juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, bakinsa yana kallon ƙasa kaɗan. Ta haka yawu zai zubo waje, numfashi ya samu hanya. Sa'annan ku ja baya, ku ba shi iska. Mutum biyu sun isa su zauna wurinsa. Saura kowa ya koma wurin zamansa, ba wasan biri ake yi ba.

In ya ɓata tufafinsa, ko zanen yarinya ya kwance, a rufe su. Malamai suna ba da labarin wata mata mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba a kore ta ba, an saurare ta. Cikin abin da ta roƙa har da a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi. Kun ga tun wancan zamani kunyar idon jama'a tana damun mai wannan ciwo kamar yadda ciwon yake damunsa.

Zai farka a gajiye, kansa yana ciwo, mai yiwuwa bai san inda yake ba. Ka kira sunansa a hankali. Ka faɗa masa yana makaranta, kome ya wuce. Kada a ba shi abinci ko ruwa sai ya dawo hayyacinsa sarai. In yana son barci, a bar shi ya yi.

Yawancin faɗuwa ba ta wuce minti 2 ko 3. Amma a gaggauta kai shi likita in ta wuce minti 5, ko in wata ta biyo bai farka daga ta farko ba. Haka kuma in ya ji rauni, in cikin ruwa ya faɗi, in numfashinsa bai daidaita ba, in jikinsa da zafi, ko in wannan ne karo na farko.

Ruwa, wuta da bisa

Faɗuwar kanta ba kasafai take kisa ba. Wurin da aka faɗi shi ne abin tsoro. Da damina tafkuna sukan cika, har cikin birnin Damagaram, yara su yi ta wanka. Mai farfaɗiya yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Kada ya shiga tafki shi kaɗai, kada a aike shi jan ruwa a rijiya shi kaɗai. Da hunturu kada ya zauna dab da wuta, yarinya kuma kada a bar ta ita kaɗai a bakin murhu ko kaskon suya. Mangwaron lambunan Mirriya yana da daɗi, amma wani ya hau, shi ya tsaya ƙasa ya cafe.

Ban da waɗannan, a bar shi ya yi abin da kowa yake yi. Ya buga ƙwallo, ya yi shara, ya yi aikin lambun makaranta, ya riƙe aji in malam ya fita. Na ga iyayen da suka hana ɗansu kome da kome saboda tausayi, har ya zama kamar baƙo a cikin tsaransa. Wannan ma cuta ce.

Magani

Farfaɗiya tana da magani. Tun 1912 aka fara amfani da wata ƙwaya mai suna fenobarbital, wadda a nan aka fi sani da Gardénal. Tana da araha. Bayanta an samo waɗansu. OMS ta ce mutum 70 cikin 100 suna iya daina faɗuwa in an gano ciwon, aka ba su maganin da ya dace. Abin takaici, a ƙasashe marasa ƙarfi uku cikin huɗu ba sa samun magani.

Maganin yana da sharaɗi. Kullum ake shan sa, a lokacinsa, ko da an yi wata da watanni ba a faɗi ba. Wanda ya daina farat ɗaya, ciwon yakan dawo da ƙarfi fiye da da. Likita ne kaɗai zai rage shi, sannu-sannu, bayan an yi aƙalla shekara 2 lafiya lau. A saye shi a farmasi da takardar likita, ba a hannun mai talla da yake yawo da shi cikin rana ba. Kada kuma a ba wani nasa. Rashin barci da zazzaɓi da mantuwar magani su suka fi tayar da ciwon. In azumi ya zo, a tambayi likita yadda za a yi.

Wani lokaci maganin yakan sa gyangyaɗi, musamman da farko. Malam ya san da haka kafin ya ɗaga murya.

Me doka ta ce?

Mu koma ga yaron nan na aji huɗu. Shin iyayen da suka ce ko shi ko ƴaƴansu, suna da ikon fitar da shi? Ba su da shi. Direkta ma ba shi da shi.

Ranar 1 ga Yuni 1998 Nijar ta kafa dokar tsarin ilimi, mai lamba 98-12. Ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. Ba ta ce sai mai cikakkiyar lafiya ba.

Tun kafin nan, ranar 20 ga Nuwamba 1989, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara. Nijar ta shige ta a 1990. Aya ta 2 ta hana a nuna wa yaro bambanci. Aya ta 24 ta ba shi haƙƙin neman lafiya. Aya ta 28 ta ba shi haƙƙin karatu, ta kuma ce horon makaranta kada ya zub da mutuncinsa. Aya ta 16 ta kare sirrinsa. Ma'ana, malam ba zai tsaya gaban makaranta ya tallata ciwon yaro ba. Da shi da iyayensa za a shawarta wa za a faɗa wa, da yadda za a faɗa.

Akwai kuma yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu ta 2006, wadda Nijar ta shiga a 2008. Aya ta 24 ta ce kada a fid da yaro daga makarantar kowa da kowa saboda naƙasa. Ta ce makaranta ce za ta yi ƴan gyare-gyaren da yake bukata. A cikin gida an yi dokar kare naƙasassu a 1993, aka yi wata sabuwa a 2019. Na sani, masu farfaɗiya da yawa ba sa kiran kansu naƙasassu, suna da gaskiyarsu, domin tsakanin faɗuwa da faɗuwa lafiyarsu ƙalau. Amma in ciwo mai daɗewa ya sa ana tare wa mutum hanya, inuwar waɗannan dokoki ta kai gare shi.

Gyare-gyaren nan ba su da tsada. A zaunar da shi gaba, nesa da kaifin tebur. A bar shi ya sha maganinsa a kan lokaci. In ya faɗi ranar jarrabawar aji, a sake masa wata rana. In ya je likita, wani ya ara masa kayye ya kwafe darasi. Duk malaman makaranta su san abin yi, har da mai gadi.

Kada ku zaci ƙasashen Turawa sun daɗe da gane wannan. A Ingila sai a 1971 aka gyara dokar da ta yarda a raba aure saboda farfaɗiya. A Amurka, har shekarun 1970, ana iya hana mai farfaɗiya shiga gidan abinci ko gidan wasa. Masu ciwon da iyayensu ne suka yi ta magana har aka sake. A 2008 wata ƴar makaranta a Kanada, Cassidy Megan, mai farfaɗiya, ta fara ranar sa tufafi masu launin shunayya kowace 26 ga Maris, don masu ciwon su san ba su kaɗai ba ne. Tun 2015 kuma, Litinin ta biyu ta watan Fabrairu ita ce ranar farfaɗiya ta duniya. A 2022 ƙasashen OMS suka yi shiri na shekara goma. Cikin burinsu akwai cewa kafin ƙarshen 2031 ƙasa 80 cikin 100 su kafa ko su gyara dokokin kare masu farfaɗiya.

Sai dai doka takarda ce, ba ta da ƙafa. Ba za ta taso daga Yamai ta zo ajin zana don kanta ba. In an kori yaro, ko ana tsangwamarsa, ku faɗa wa malam. In bai ji ba, akwai direkta, akwai kwamitin iyayen yara, akwai insifekta. Mai unguwa da liman ma maganarsu tana da nauyi wurin iyaye.

Ta wannan hanya muka bi, amma a makare. Sai da majo na likitar garin ya ji labari, ya zo makaranta ya tara mu, malamai da iyaye. Ya yi bayani, aka yi ta gardama. Daga ƙarshe ya sa aka kawo fura, ya ba yaron ya sha, shi ma ya karɓi ludayin ya sha a gaban kowa. Aka sa yaron a magani. Ya dawo makaranta bayan damina, amma shekarar ta riga ta wuce shi, sai da ya maimaita aji huɗu.

Kalmomi

farfaɗiya : épilepsie
ƙwaƙwalwa : cerveau
sanƙarau : méningite
doka : loi
haƙƙi : droit
yarjejeniya : convention
aya : article

Tambayoyi

1. Waɗanne kurakurai biyu malamin ya yi? Me ya kamata ya yi?
2. Don me ba a sa wa mai farfaɗiya cokali a baki?
3. Yaushe ne dole a kai shi likita da gaggawa?
4. Yaro ya faɗi da ƙarfe 9 da minti 12, fizge-fizgen ya tsaya da ƙarfe 9 da minti 15. Minti nawa ya yi? Ya wuce iyaka ko bai wuce ba?
5. Me majo yake so ya nuna da ya sha furar?
6. Wace doka ce ta 1998, kuma me ta ce?

Aiki

Ku kasu uku-uku. Ɗaya ya kwanta bisa tabarma, ɗaya ya sa masa riga ƙarƙashin kai ya juya shi gefe, ɗaya ya ƙirga lokaci. Ku yi ta sauyawa har kowa ya iya. Ban da dariya.

A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a 1973, don yaro ya fara karatu da harshen gidansu. To, yau da dare ku karanta wa mutanen gidanku sashen «In abokinka ya faɗi». Ku rubuta abin da suka ce cikin layi biyar, ku kawo gobe.